Tsakanin Ɗaki da Bayan Gari: Yadda Na Koyi Ɗaukar Hoton Ƙananan Mutum-mutumi

Na sayi mutum-mutumina na farko ne a gwanjon Ƙofar Wambai, cikin tulin kayan wasan yara da wani dattijo ya zube a kan leda. Soja ne na roba, tsawonsa santimita 15, wuyansa da kafaɗunsa da gwiwoyinsa duk suna lanƙwashewa, har tafin hannunsa ana cirewa a sa wani. Na biya naira 3,500 na sa shi a aljihu. Dalilin sayen kuwa, na daɗe ina kallon hotunan da wasu ke sawa a Instagram, inda za ka ga irin wannan ɗan roba a tsaye cikin ƙura da hayaƙi, ka rantse mutum ne aka ɗauka a fagen daga. Na ce nima sai na iya. Abin da ban sani ba shi ne tambayar farko da ke gaban duk mai wannan sha'awa: a ɗaki za ka gina ƙaramin fagenka, ko waje za ka fita da shi? Ni na amsa ta a baibai, na yi asarar kuɗi da watanni, shi ya sa nake rubuta wannan domin na baya ya huta.

Kafin komai sai na fahimci maganar ma'auni, domin a kanta komai ya rataya. Waɗannan kayan ba a yin su da ka. Kamfanin Hasbro na Amurka ne ya fito da G.I. Joe a 1964, mai tsawon kusan santimita 30, wato kashi ɗaya cikin 6 na tsawon mutum, kuma da gangan suka guji kiransa 'yar tsana don kada yara maza su ƙi shi. Daga baya aka yi ƙanana masu kusan santimita 10, ɗaya cikin 18. Nawa yana tsakiya, ɗaya cikin 12. Ma'anar haka ita ce duk abin da zai tsaya kusa da shi sai an raba girmansa gida 12. Ƙofar ɗaki mai tsawon mita 2 za ta koma kusan santimita 17. Bulo ba zai kai santimita 4 ba. Wannan lissafi na rubuta shi a bangon littafina, kuma har yau nakan koma gare shi.

Na fara da ɗaki, saboda kunya ta hana ni fita. Na je wurin wani kafinta a unguwarmu ya yanka min falanki mai faɗin santimita 60 da tsawon 80, na biya 4,000. Na roƙi farin soson nan da ake samu cikin kwalin firij a wani shagon kayan lantarki, suka ba ni kyauta. Da reza da bakin biro na zana layukan bulo a jikinsa, na kwana uku ina wannan aiki bayan isha'i. Daga nan na sayi fentin feshi na gwangwani, na fita tsakar gida na fesa. Ina tsaye ina kallo bangon ya fara narkewa, layukan da na zana suka lotsa suka zama ramuka, cikin minti biyu aikin kwana uku ya tafi. Sinadarin da ke cikin fentin feshi yana cin wannan soso. Wanda zai yi, ya fara shafe soson da farin gam irin na kafintoci da aka tsarma da ruwa, ya bari ya bushe, sannan ya yi amfani da fentin ruwa na akirilik da burushi. Haka na sake yi, bango na biyu ya tsaya. Na zuba yashi a ƙasa, na sayi zagayayyiyar fitilar nan da masu bidiyo ke sawa a gaban fuska a kan 12,000, na kafa ta a gaban fagen, na ɗauka.

Hoton da ya fito hoton kayan wasa ne, ba ƙari ba ragi. Fuskar sojan ta yi shafal babu inuwa, robar tana ƙyalli, zagayen fitilar ya fito a goshinsa, inuwarsa kuma ta faɗa a kan bangon da ke bayansa har ana gane tazarar ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Yashin da na zuba ya zama kamar an watsa tsakuwa, don ƙwayar yashi mai milimita 2 a duniyarsa ta fi santimita 2. Na yi zaton ƙarancin haske ne, sai na kunna ƙwan ɗaki na ƙara da tocila. Abu ya ƙara lalacewa: gefe ɗaya na fuskar ya yi rawaya, ɗayan ya yi shuɗi-shuɗi. A lokacin ban san kowane haske da launinsa ba. Ƙwan nan mai ja-ja yana wajen 2700 zuwa 3000 a Kelbin, ma'aunin launin haske, hasken rana tsaka wajen 5500, farin ƙwai mai sanyi kuma 6500. Idonmu yana daidaita su ba mu sani ba, kamara kuwa ɗaya kawai take iya ɗauka a matsayin fari, sauran sai su yi launi. Ga kuma wasu baƙaƙen layuka da suka riƙa ratsa hoton a kwance. Su ma daga baya na gane dalilinsu: wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu masu arha suna ƙyaftawa da ita, to in kamara ta yi saurin ƙiftawa sai ta kama duhun da ke tsakani. Maganinsa a sa saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da idon kamara ke yi a buɗe, a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, ko a bar shi ya fi haka daɗewa. A kan wannan duka ga ɗauke wuta. Sau da yawa sai na gama tsayar da sojan a yanayin da nake so, wanda kan ci min rabin awa, sannan ɗaki ya yi ɗif.

Kusan wata uku ina wannan fama. Ranar wata Juma'a bayan masallaci na biya shagon yayan wani abokina, mai ɗaukar hoton biki ne da ya daɗe a sana'ar. Na miƙa masa waya ya dudduba, bai ce komai ba sai da ya kai ƙarshe. Ya ce, "Ƙanena, ginin ka ya yi kyau. Amma haske nawa ka sa?" Na ce uku. Ya ce, "Rana nawa Allah Ya yi mana?" Na ce ɗaya. Ya ce in ajiye fitilun nan gaba ɗaya, in ɗauki sojan in fita waje na wata guda, in riƙa kallon inda inuwa take faɗawa a fuskarsa daga asuba zuwa magariba. Na ce, "Yaya, mutane fa za su yi ta kallona." Ya ce ai shi ma kallonsa ake yi kullum, kuma da haka ya ciyar da iyali. Wannan magana ita ta juya min komai, kuma ban biya ko sisi a kanta ba.

Fitata ta farko ba ta yi daɗi ba, domin na zaɓi ƙarfe ɗaya na rana a ƙarshen Oktoba, ina ganin yawan haske shi ne alheri. Na je wani fili a bayan unguwa. Rana a tsakar ka ta sa hular sojan ta rufe idanunsa da baƙar inuwa, kafaɗunsa suka yi fari fat babu wani zane da ya rage, fuskar wayar ma ba na iya ganinta. Bayan minti ashirin a kan ƙasa mai zafi sai na ga yana sunkuyawa da kansa. Robar ta yi laushi, idon sawunsa ya saki, ya kife. Robar da ake yin su da ita ba ta son zafi, kuma yawan zama a rana yana kashe fenti, farin wuri ya koma rawaya. A bazarar Kano, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kada ma mutum ya gwada barinsa a mota ko a kan dutse. Kafin in tattara kayana yara sun kai goma sun kewaye ni, inuwarsu ta rufe fagen. Ban kore su ba. Na ba babbansu farin kwali ya riƙe min, na nuna masa yadda zai karkata shi ya mayar da haske a fuskar sojan, sai ga idanun da suka ɓace sun dawo. Wannan kwali shi ne abin amfani ɗaya tak da na koma gida da shi ranar.

A Disamba hunturu ya sauka, kuma a nan ne na fara ganin abin da Yaya ke nufi. Na fita bayan sallar asuba zuwa wani tsohon kango na jar ƙasa a gefen gari, wanda ruwan damina da yawa ya zaizaye. Wani dattijo yana zaune a kan buzu a ƙofar gidan da ke kusa, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, izini nake nema, zan ɗauki hoto a jikin bangon nan, ba zan taɓa komai ba." Ya ce hoton wa? Na fito da sojan na nuna masa. Ya juya shi a hannu, ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta, ya ce, "Ikon Allah. To ɗan nan, je ka yi, amma ka kula da ramukan can, akwai kunama." Rana ta fito wajen bakwai saura, amma hazo ya tare ta, ta zama kamar faifai ja a sama, ana iya kallonta. Hasken ya zo daga gefe, mai laushi, ya kwanta a jikin bangon har kowace tsaga ta fito. Na tsayar da sojan a gindin wata zaizayar ƙasa da ba ta fi tsawon hannuna ba. Na kwanta rub da ciki a kan buhun da na zo da shi, na juya wayar kai ƙasa domin idon kamarar ya sauko dab da ƙasa. Idon sojan yana santimita 14 ne daga ƙasa, to dole idon kamara ya zauna nan ko ƙasa da nan, in ba haka ba kallon babba ga ƙarami za ka yi masa, hoton ya tona asiri. Da na duba fuskar wayar sai da gabana ya faɗi. Zaizayar nan ta zama tsauni, kangon da ke nesa ya shige cikin hazo kamar wani gari da aka gudu aka bari, gefen fuskar sojan ɗaya a haske ɗaya a inuwa. Na ɗebi garin ƙasa a tafin hannu na hura daga gefe, na danna. Ƙurar ta kama hasken ta tsaya a bayansa kamar an yi harbi yanzu. Na kai wa Baba ya gani, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ɗan abin ne?"

Abin da waje ya ba ni a wannan safiya, wata uku a ɗaki ban samu ba: haske ɗaya mai tahowa daga nesa, da nisa na gaske a bayan abin da ake ɗauka, da ƙasa wadda ba hannu ne ya yi ta ba. Amma waje yana da nasa sharuɗɗa, kuma a makonnin da suka biyo baya na ɗanɗana su ɗaya bayan ɗaya. Lokacin kyakkyawan haske gajere ne a wurinmu, domin rana tana hawa da sauka a miƙe. Ranar da babu hazo, minti talatin zuwa arba'in kawai nake samu da safe, sai kuma irinsa da la'asar sakaliya. Saboda haka sai ka shirya yanayin tsayuwar tun daga gida, ka san hoton da ka je nema. Iskar hunturu tana kayar da shi a kai a kai, sai da na riƙa soka wayar ƙarfe siririya a ƙasa ina jingina shi a bayan ƙafarsa, in ta fito a hoto in goge ta da manhajar Snapseed. Ƙura tana shiga gaɓoɓi, ta manne a gilashin kamara, dole burushi mai laushi da tsumma su zauna a jaka. Ciyawa da ganye kuma maƙiyan ma'auni ne. Ganyen darbejiya ɗaya mai santimita 5, a kusa da sojan ya zama santimita 60, nan take ido ya gane. Dutse da busasshiyar ƙasa da tsagaggen laka da garin yashin da aka tankaɗe da rariya su ne ba su da wannan matsala, don ba su da wani girma da ido ya san su da shi. Ruwa ma haka yake da wuya: ɗigo ba ya ƙanƙancewa don ka, a jikin ɗan roba sai ya yi kamar ƙwallo. Wata rana kuma tafin hannunsa na dama ya fice ya faɗa cikin rairayi, na yi awa guda ina tankaɗe wurin ban same shi ba. Tun daga nan ba na canza hannu ko makami sai a kan farin ƙyalle.

Akwai abin da ya fi waɗannan muhimmanci. Wata yamma ina kwance a gefen wata hanya, ashe ba ni da nisa da wani wuri da ake gadi. Wasu mutum biyu suka zo suka tsaya a kaina suna tambayar abin da nake ɗauka da wanda ya aiko ni. Na miƙe na yi sallama, na nuna musu katin shaidata na ɗan ƙasa, na buɗe musu hotunan ɗaya bayan ɗaya. Sun ɗauki kusan minti ashirin kafin hankalinsu ya kwanta, kuma ban ga laifinsu ba, a halin da ƙasa take ciki mutum kwance da waya da ɗan soja mai bindiga abin tambaya ne. Jikina ya yi sanyi ranar. Yanzu ba na zuwa kusa da barikin soja ko ofishin 'yan sanda ko gidan gwamnati ko banki, ba na fita babu katin shaida, kuma duk inda na je sai na fara gaida wanda na tarar na faɗa masa abin da ya kawo ni. In gona ce a nemi mai ita, in unguwa ce da ba a san ka ba a je da ɗan unguwar.

Da damina ta kankama sai fita ta yi wuya, na koma ɗaki, amma da wani ido. Na ja teburin zuwa bakin taga, na kashe ƙwan ɗaki, na bar hasken tagar shi kaɗai ya zo daga gefe, farin kwali a ɗaya gefen. Na matsar da bangon soso baya har kusan santimita 50 daga sojan domin inuwarsa ta daina hawa kai, bangon kuma ya ɗan yi dishi-dishi kamar yana nesa. Yashin na kwashe, na sa jar ƙasar da na ɗebo daga kangon Baba da izininsa, na tankaɗe ta sau biyu. Don aikin dare na sayi ƙaramar fitilar caji ɗaya a kan 7,000, wadda ba ruwanta da ɗauke wuta, na rataya farar takardar tiresin a gabanta ta zama min hazo. A nan na koyi cewa in ka ninka tazarar fitila sau biyu, hasken da ke isa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Saboda haka matsar da fitila da taƙi ɗaya yana iya canza hoto gaba ɗaya a irin wannan ƙaramin fage. Na sayi ƙaramar ƙafa uku, wato abin ɗora waya don ta tsaya cak, a kan 5,000, na sa ISO, wato ma'aunin yadda kamara ke jin haske, a mafi ƙanƙanta, na sa agogon ɗauka na daƙiƙa 3 don hannuna kada ya girgiza ta. Tunda sojan ba ya motsi, ko rabin daƙiƙa kamara ta yi a buɗe babu damuwa. Na daina amfani da tsarin nan na waya mai dusashe baya da kansa, don yana cin gefen bindiga da yatsu. Ranar da Yaya ya ara min babbar kamararsa kuma, ya ce a ma'aunin buɗewar idon kamara in tsaya tsakanin f/8 da f/11, domin a kusa haka in ka buɗe shi da yawa hanci zai fito tar, kunne ya dushe, kuma wannan siririn saiti shi ne ke sa ido ya gane abu ƙarami ne.

Hayaƙi kuwa a ɗakin Hajiyarmu na samo shi. Na ga yadda turaren wuta ke tashi daga kasko yana ratsa hasken taga, na ce, "Hajiya, ku ara min kaskon nan na minti goma." Ta ce in dai ba zan ƙona mata gida ba. Na ajiye shi can gefe nesa da soson, don soso da garwashi ba sa haɗuwa, na rufe taga, na sa fitilar a bayan sojan tana fuskantar kamara ta gefe. Hayaƙi ba ya fitowa sai haske ya zo masa daga baya. Da fifita na kora shi a hankali ya bazu, sai ga layukan haske suna ratsowa ta ƙaramar tagar da na huda a bangon. Irin wannan hoto waje ba zai taɓa ba ni shi ba, iska za ta kwashe hayaƙin kafin in danna. Na yi awa uku a kansa, na gyara hannu, na gyara karkatar kai, na tafi cin abinci na dawo na tarar da komai a inda na bar shi.

In na haɗa abin da na kashe bai kai 35,000 ba, kuma mafi tsada a ciki, zagayayyiyar fitilar nan, ita ce ba ta amfane ni da komai ba, ƙanwata na ba wa. Da zan sake farawa, ba zan sayi komai ba a watan farko ban da mutum-mutumin. Zan nemi farin kwali da buhun shimfiɗa da guntuwar wayar ƙarfe, in fita da sassafe ko da la'asar, ko in zauna a inuwar bango mai buɗaɗɗen sama, in yi ta ɗauka har idona ya san ta ina haske ke zuwa. Sai bayan nan zan sa kuɗi a fitila ɗaya da ƙafa uku. Yanzu labarin da nake son hoton ya bayar shi ke zaɓar min wuri. In sahara ce ko tsauni ko tafiya mai nisa ko ƙura, waje nake fita, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da hazo ke yi min rabin aikin. In cikin gini ne ko dare ko hayaƙi ko wani abu da zai ci awoyi ana gyara, ɗaki ne. Masu manyan nan na ɗaya cikin 6 sun fi jin daɗin waje, don ciyawa ba ta tona su sosai, kuma gina musu ɗaki yana cin wuri; ƙananan na ɗaya cikin 18 kuwa teburi ɗaya ya ishe su gari guda.

Akwai hanya ta uku da na fara gwadawa a kwanakin nan. Na rage falankin ya zama mai ɗaukuwa a hannu, nakan fito da fagen gaba ɗaya tsakar gida da hantsi, in ɗora shi a kan turmi a juye, in saita shi yadda sararin sama na gaske zai leƙo ta saman bangon soso. Yaron nan da ya fara riƙe min kwali a fili, yanzu duk Asabar yana zuwa, shi ke kula da inuwa. Makon jiya ya zo da wata ƙaramar mota ta roba a aljihu, ya ce in ara masa wayar shi ma ya gwada, kuma kafin in ce masa komai ya riga ya kwanta rub da ciki ya juya ta kai ƙasa.